Yadda za ka gyara shafin kwas ɗinka na intanet har baƙo ya yarda ya biya

Ƙanwar matata tela ce, ta ƙware a awo da yanka, musamman dogayen riguna da abaya. Tana ɗora gajerun bidiyo a Facebook da TikTok, mata suna ta roƙonta ta buɗe aji. Da ta ga WhatsApp ya yi mata kaɗan, sai ta biya wani yaro ya haɗa mata shafin intanet, ta zuba darussa ashirin da ɗoriya a ciki, ta sa kuɗin kwas naira 15,000. Aka yi wata biyu mutane suna leƙawa suna fita, ciniki bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka matsu kuwa sai su biyo ta WhatsApp da tambaya iri ɗaya: "Anti, don Allah wannan shafin naki ne da gaske, ko wasu ne suka buɗe da sunanki?"

Ranar da ta miƙo mini wayarta na duba, ban ga laifin masu tambayar ba. A saman shafin akwai hoton wata Baturiya tana murmushi a gaban kwamfuta. Ƙarƙashinta an rubuta wata doguwar jimla ta Turanci a kan cika buri. Babu hoton keken ɗinki ko ɗaya, babu sunan malamar, babu garin da take. Wurin biya kuwa lambar asusu ce mai ɗauke da sunan wani namiji, ashe na ƙaninta ne. Ni kaina da na san ta, na ci tuwon hannunta, da ban tura ko sisi ba.

Sayen kwas a intanet cinikin biri a sama ne. Mai saye bai ga kayan ba, bai ga shago ba, ba shi da wanda zai kai wa ƙara in an cuce shi. Kuma mutanenmu maciji ya sare su ba sau ɗaya ba: MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, ban da ƙananan 'yan damfara da ke buɗe guruf yau su ɓace gobe. Don haka duk wanda ya shigo shafinka da zargi ya shigo, kuma aikin tsarin shafin shi ne ya ba shi hanyar da zai tabbatar da kowace magana taka da kansa, ba tare da ya dogara da rantsuwarka ba. A kan wannan duk matakan da ke tafe suka ginu.

Mataki na farko: shiga shafinka kamar baƙo

Kada ka taɓa komai tukuna. Ajiye kwamfutar da aka gina shafin a kanta. Ka ari waya mai araha, irin wadda ɗalibanka ke riƙewa, wadda ma'ajiyarta ta kusa cika, ka kunna data, ka fita tsakar gida inda sabis ke hawa da sauka. Buɗe shafin ka ƙirga a ranka: ɗaya, biyu, uku. Wani bincike da Google ta fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Ma'aunin da Google ke amfani da shi yanzu shi ne babban abin da ke fuskar shafi, hoto ne ko rubutu, ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Sannan ka shiga PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin shafuka, kyauta ne, ka liƙa adireshin shafinka, ka duba sakamakon ɓangaren waya, ka bar na kwamfuta. Zai zayyano maka abin da ke jan shafin baya. Galibi hotuna ne: an ɗauko su kai tsaye daga waya, kowane ɗaya megabait huɗu ko biyar. Ka rage musu nauyi da shafukan matse hoto irin su Squoosh ko TinyPNG, ka mayar da su tsarin hoto mara nauyi na WebP, nauyinsu zai ragu sosai ba tare da ido ya ga bambanci ba. Bidiyon da ke kunna kansa da an buɗe shafi, cire shi. Hotunan nan masu zamewa ɗaya bayan ɗaya a saman shafi, su ma cire su, ba wanda ke tsayawa ganin na biyu. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, duk megabait ɗin da ka ci wa mutum kafin ya ga amfanin komai, yana jin zafinsa.

Mataki na biyu: fuskar shafi

A 2002 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin B.J. Fogg, suka sa mutum 2,684 su kwatanta shafuka su faɗi wanda suka fi yarda da shi da dalilinsu. Abin da aka fi ambata, a kusan kashi 46 cikin 100 na bayanan, shi ne kamannin shafin: tsari, launi, haruffa. Wato tun kafin mutum ya karanta abin da ka rubuta ya riga ya fara yanke hukunci. Haka muke a kasuwa ma, shagon da aka jera kaya tsaf aka share ƙofarsa shi ake fara tsayawa.

Abin da mutum zai gani kafin ya ja shafin ƙasa ya amsa masa tambaya uku: me ake koyarwa, wa ke koyarwa, ina zan latsa. Mun goge waccan jimlar ta cika buri, muka rubuta: "Koyi awo da yankan doguwar riga da abaya a mako shida, daga wayarki, da Hausa." Ƙarƙashinta hoton malamar a gaban teburin yanka, tef a wuya, alli a hannu. Sai maɓalli ɗaya tak, an rubuta "Kalli darasin farko kyauta". Shi ke nan.

Batun hoto yana da ɗan sarƙaƙiya a wurinmu, domin ba kowace mace ce za ta so fuskarta a intanet ba, ko maigidanta ya ƙi. Wannan ba ya hana komai. Hoton hannuwanta suna yanka, hoton shagon, hoton rigunan da ta ɗinka a rataye, da muryarta a bidiyon gabatarwa, sun isa su nuna akwai mutum a bayan shafin. Abin da ba ya yi shi ne hoton da aka tsinto a Google ko aka ƙirƙira da manhaja. Mutane sun waye, da gani suke ganewa.

Launi biyu sun isa, uku in ya yi yawa: ɗaya na bango, ɗaya na rubutu, ɗaya na maɓalli, kuma kowane maɓallin da ake so a latsa ya zama launi ɗaya a ko'ina. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a kwamfutar mai zane a ɗaki mai sanyi, amma a rana tsaka a cikin adaidaita sahu ba ya karantuwa. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafi zai yi wa kowa sauƙin amfani, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, kuma akwai shafuka na kyauta da za ka sa launukan biyu su auna maka. Girman rubutu kada ya gaza fiksel 16. Maɓalli ya yi faɗin da babban yatsa zai latsa ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba.

Akwai wani abu da masu haɗa shafi ba sa lura da shi sai an nuna musu. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ka rubuta "ɗinki" da irin wannan salon, ko dai akwati ya fito a gurbin harafin, ko wayar ta aro harafin daga wani salo daban, ka ga ɗ ɗin ya fi 'yan uwansa kauri ko ya karkace. Shafin sai ya yi kama da rigar da aka yi wa faci da wani yadi. Noto Sans da Andika suna da haruffanmu duka. Kafin ka amince da kowane salo, rubuta "ƙwaƙwalwa, ɓarawo, ɗanɗano" da ƙananan haruffa da manya, ka duba a waya biyu ko uku. Kuma ka tsaya a kan rubutu ɗaya. Idan ka fara da ƙugiya, ka ƙare da ƙugiya. A sami wanda ya iya ƙa'idar rubutu ya bi shafin layi-layi, domin malamin da ya rubuta "zamu koya maku" a nan, "za mu koya muku" a can, ya riga ya nuna bai damu da ƙananan abubuwa ba, alhali ɗinki kansa ƙananan abubuwa ne.

Mataki na uku: faɗi ko kai wane ne, ta yadda za a iya bincika

Nan ne mafi yawan shafuka ke faɗuwa, kuma nan ne gyara ya fi araha.

Rubuta cikakken sunanka ko sunan da aka san ka da shi a sana'a, garin da kake, shekarun da ka yi kana aikin, da inda ka koya. Ba sai ka yi digiri ba. "Na koyi ɗinki a hannun mahaifiyata, na yi shekara goma sha biyu ina da shago" ya fi "ƙwararriya ta duniya" nauyi, saboda na farkon ana iya tambayar maƙwabta. Sa lambar wayar da ake ɗagawa, da lokutan da ake samunka, misali daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar ban da Juma'a. Idan kana da shago ko ofis, sa unguwa da kwatance. Idan a gida kake aiki, kada ka sa adireshin gida, gari da unguwa sun isa.

Yi wa sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ko da ta sunan kasuwanci ce kawai, ka rubuta lambar rajistar a ƙasan kowane shafi, ka ƙara da cewa duk mai so zai iya duba sunan a shafin binciken CAC. Kaɗan ne za su duba, amma kowa zai lura cewa ka ba da dama a duba. Wannan takardar ce kuma za ta ba ka damar buɗe asusun banki da sunan makarantar, wanda za mu zo kansa.

Adireshin shafin ya zama naka na kanka. Wanda ya ƙare da sunan wani kamfanin da ke ba da shafi kyauta yana nuna mai shi bai zuba ko kwabo ba, kuma zai iya tattarawa ya tafi cikin dare. Adireshi mai .com.ng ko .ng, wanda NiRA ke kula da shi, ana sayensa a hannun dillalan da ta amince da su, a sabunta duk shekara. Ga gargaɗi daga abin da na gani da idona: ka tabbata an yi rajistar adireshin da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya haɗa maka shafin ba. Na ƙanwar matata da sunansa yake, kuma sai da muka yi mako biyu muna lallami kafin ya miƙo kalmar sirri. Da ya sauya layi ko ya yi fushi, da makarantar ta tafi da shi.

Sai https, haruffan da ke farkon adireshin shafi mai tsaro. Tun Yulin 2018 Chrome ke rubuta gargaɗin cewa shafi ba shi da tsaro a gefen adireshin duk wanda ba ya amfani da shi. Takardar tsaron kyauta ce ta hanyar Let's Encrypt, kuma yawancin kamfanonin da ke ba da masaukin shafi, wato wurin da ake ajiye shi a intanet, suna kunna ta da latsawa ɗaya, ta riƙa sabunta kanta. Ka sani dai https yana kare abin da ke wucewa tsakanin waya da shafi ne kawai, 'yan damfara ma suna da shi, don haka kada ka cika baki da shi. Rashinsa ne ke kora mutane.

Imel ma ya fito daga adireshin makarantar. Ka ce wa mai kula da shafin ya saita SPF da DKIM, saitunan da ke tabbatar da cewa imel daga gare ka ya fito, in ba haka ba saƙon da ke ɗauke da kalmar sirrin ɗalibi zai riƙa faɗawa kwandon shara, ɗalibin da ya biya ya zauna yana jira yana zaginka a ransa.

Mataki na huɗu: shafin kwas ɗin kansa

Jera darussan duka da sunayensu da tsawon kowane ɗaya. "Darasi na 4: Awon kafaɗa da hannu, minti 7." Wanda ya ga wannan ya san an riga an ɗauki darasin, ba alkawari ake sayar masa ba. Faɗi abin da zai iya yi da hannunsa idan ya gama, faɗi kuma abin da kwas ɗin bai ƙunsa ba. Mun rubuta ƙarara: "Ba a koyar da aikin wuyan riga ko ɗinkin maza a wannan kwas." Malamar ta ji tsoron wannan layin zai rage mata ciniki. Abin da ya rage shi ne rigimar masu cewa an yaudare su.

Faɗi kayan da ake buƙata: keke, almakashi, tef, alli, yadi mai araha na gwaji. Faɗi harshen koyarwa. Faɗi tsawon lokacin da ɗalibi zai ci gaba da samun darussan, wata shida ne, shekara ce, ko har abada, kuma kada ka ce har abada sai in ka shirya biyan kuɗin masauki har abada. Sannan ka yi abin da kusan ba wanda ke yi: duba datarka, kalli darasi ɗaya, sake dubawa, ka lissafa abin da kwas ɗin gaba ɗaya zai ci, ka rubuta a shafin. Ga matar da ke sayen data ta ɗari biyar-biyar, wannan lissafin daidai yake da kuɗin kwas ɗin wajen muhimmanci.

Buɗe darasi ɗaya ko biyu kyauta, ba tare da an nemi rajista ko lambar waya ba. Kuma kada ya zama bidiyon "barkanku da zuwa". Ya zama darasi na gaske wanda mutum zai tashi ya gwada a take. Gani ya kori ji, kuma a nan ne mai shakka ke jin muryarka, ya ga ko kana bayani dalla-dalla ko kana gudu.

Farashi ya fito fili, da lambobi manya, kusa da maɓallin biya. "Tuntuɓe mu don jin farashi" yana sa mutum ya ɗauka kuɗin ya danganta da irin takalmin da ya sako.

Mataki na biyar: shaidar ɗalibai, da dabarun da za ka guje wa

Shaida mai amfani tana da suna, gari, da abin da aka yi. Ka roƙi tsofaffin ɗalibai izini, ka sa sunan farko da gari, da hoton rigar da suka ɗinka bayan kwas, ko muryarsu ta daƙiƙa 30. Izinin ya zama a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma in ka ɗauki hoton hira ka rufe lambar waya da hoton mai ita. Shaida uku na gaske sun fi ashirin masu cewa "wannan kwas ya canja rayuwata". Idan wata ta ce darasi na tara ya yi mata sauri sai da ta maimaita, bar shi a ciki, shi ne ke sa a yarda da sauran. Idan kuma sabo ne kai, ba ka da ɗalibai tukuna, ka ɗauki mutum goma a rabin kuɗi, ka faɗa musu gaskiya cewa su ne rukunin farko kuma ra'ayinsu kake so.

Kada ka ƙirƙiri shaida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, garuruwanmu kuma ƙanana ne, wata rana wani zai tambayi wacece wannan 'yar Zariya da ba wanda ya sani. A Amurka hukumar kula da ciniki ta FTC ta kafa dokar da ta haramta shaidar boge tun Oktoban 2024, a Najeriya ma hukumar kare masu saye ta FCCPC na da hurumi a kan tallan yaudara ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2018.

Haka agogon nan mai ƙirga "saura awa 2 ragi ya ƙare", wanda in ka dawo gobe za ka tarar yana nan a awa 2. Haka ƙaramin saƙon da ke leƙowa daga ƙasa yana cewa wani ya saya yanzun nan. Haka alkawarin "za ki riƙa samun dubu ɗari biyu a wata". Masu sayar da waɗannan dabarun za su ce suna ƙara ciniki, wataƙila ma suna yi na mako ɗaya. Amma su ne ainihin kayan aikin 'yan damfara, kuma wanda aka taɓa cuta ya san kamanninsu. In za ka yi ragi na azumi ko na sallah, sa ranar farawa da ranar ƙarewa, in ranar ta zo ka mayar da farashi.

Mataki na shida: hanyar kuɗi

Sunan da ke kan shafi, sunan da ke kan takardar CAC, da sunan da zai fito wa mai tiransifa kafin ya sa lambar sirrinsa, su zama ɗaya. Wannan gyaran kaɗai ya kashe mana yawancin tambayoyin "naki ne da gaske?"

Haɗa shafin da kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave, ko ka ɗora kwas ɗin a dandalin sayarwa na Selar idan ba ka son wahalar gini. Suna cire ɗan kaso a kowane ciniki, amma mai saye zai zaɓi kati, tiransifa ko USSD, kuma kai ba ka taɓa ganin lambar katinsa ba. Babbar ribar ita ce darussa su buɗe da kansu da zarar kuɗi sun shiga. Tsarin "turo shaidar biya, za mu duba" yana nufin wadda ta biya ƙarfe 11 na dare za ta kwana tana tunanin an cinye ta. Ka bar hanyar tiransifa ta hannu ga masu zuwa wurin mai POS, amma ka rubuta cikin awa nawa za a buɗe musu, ka kuma cika. Idan kana da ɗalibai a Nijar ko Ghana, faɗa musu a fili yadda za su biya, ko ta Nita da Amana ne, ko ta MoMo, da farashin a sefa ko sidi, kada su tsaya lissafin canji da kansu.

Fom ɗin rajista ya tsaya a suna, lambar waya, imel. Ba ruwanka da ranar haihuwa, NIN ko BVN. Rasit ya tafi nan take, da sunan makaranta, adadin kuɗi, kwanan wata da lambar ciniki.

Rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi da Hausar da kowa zai gane, a wurin da za a gani kafin a biya. Dandalin sayar da kwas na Udemy na ba da kwana 30. Kai kana iya cewa kwana 7, muddin ba a kalli fiye da darasi uku ba. Masu tsoron za a riƙa kallo ana karɓe kuɗi, sharaɗin darasi ukun ya rufe wannan ƙofar. Wanda ya cika sharaɗi ka mayar masa ba ja-in-ja, domin shi ma zai ba da labari.

Mataki na bakwai: satifiket

Faɗi ainihin abin da takardarka take. Idan shaidar kammalawa ce daga makarantarka, rubuta haka. Kada ka liƙa tambarin hukumomin ilimin fasaha irin su NBTE da NABTEB, ko na wata jami'a, sai in kana da amincewarsu a rubuce, kada kuma ka ce "gwamnati ta san da ita" don kawai kana da rajistar CAC. Rajistar kasuwanci daban, amincewa da manhajar karatu daban. Sa wa kowace takarda lamba ta musamman, ka buɗe shafi ɗaya inda mai ɗaukar aiki zai rubuta lambar ya ga sunan ɗalibi da ranar kammalawa. Manhajar koyarwa ta Moodle da ƙarin manhajojin WordPress, manhajar gina shafi, irin su LearnDash da Tutor LMS suna da hanyoyin fitar da satifiket, wasu sai an ƙara musu wani ɓangare. Kuma kada takarda ta fita sai an turo aikin hannu an duba.

Mataki na takwas: bayan an biya

Yarda ta biyu, wadda ke kawo ɗaliban baɗi, a cikin aji ake gina ta. Karatun intanet yana da ciwon da aka sani: wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 a kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard na Amurka a dandalin karatun intanet na edX ya gano kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018. Waɗancan galibi na kyauta ne, naka na kuɗi zai fi haka, amma wanda ya biya bai gama ba ba zai turo maka ƙanwarsa ba.

Gajarta bidiyo. Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallo miliyan 6.9 a edX a 2014, suka ga hankalin mai kallo yana raguwa sosai bayan minti 6. Darasin minti arba'in ka yanka shi gida bakwai, kowane yanki abu ɗaya. Murya ta fi hoto muhimmanci: ɗalibi zai jure hoto mai ɗan dishi-dishi, ba zai jure ƙarar janareta da kukan akuya ba. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuya ya wadatar. A ɗinki kuwa kyamara ta kalli teburi daga sama, yadi mai haske, alli mai duhu, don a ga layin. Ba da damar rage ingancin bidiyo zuwa 360p, ka haɗa kowane darasi da takardar PDF mai zane da awo wadda za a sauke a ajiye, saboda ranar da babu wuta ko sabis.

Da ɗalibi ya shigo, abu na farko da zai gani shi ne maɓallin "Ci gaba daga inda ka tsaya", da alamar darasi nawa ya rage. Faɗi ranar da kake amsa tambayoyi, ka riƙe ta. Idan za ka buɗe guruf na WhatsApp, ka tuna kowa yana ganin lambar kowa. Ga ajin mata wannan babbar magana ce, namiji ɗaya ya kutsa ya fara bin su ta bayan fage, sunan makarantar ne zai ɓaci. Ka tantance masu shiga, ko ka yi amfani da wurin tambayoyi na cikin shafin.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa, ta shafe ka tunda kana riƙe sunaye da lambobin mutane. Rubuta gajeren bayani: abin da kake karɓa, dalili, wanda ke gani, da yadda mutum zai nemi a goge nasa. Kada ka kwafo na wani shafin Amurka mai shafi goma, wanda sunan kamfaninsu ma ke nan a tsakiya ba a goge ba.

Mataki na tara: zaunar da mutum biyar

Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya daɗe yana cewa gwaji da mutum biyar yana tono mafi yawan matsalolin amfani da shafi. Nemo biyar daga irin ɗalibanka, ba abokanka masu ilimin kwamfuta ba. Miƙa wa kowa waya ka ce: "Nemo kuɗin kwas ɗin, kalli darasin kyauta, ki je har wurin biya." Sai ka kama bakinka. Wannan shi ne mai wuya, hannunka zai riƙa ƙaiƙayin nuna mata wurin latsawa. Rubuta duk inda ta tsaya, duk inda ta ɗaga kai ta dube ka.

A namu gwajin, mata uku cikin biyar ba su taɓa layukan nan uku da ke kusurwar sama ba, ba su san menu ne ba, alhali a can muka ɓoye farashi da lambar waya. Muka fito da su fili. Wata dattijuwa kuma ta maƙale a wurin kalmar sirri, domin shafin ya nace sai da babban harafi da lamba da alama, kuma yana faɗar hakan da jan Turanci. Muka fassara saƙon, muka sa maɓallin da ke nuna abin da ake rubutawa.

Daga nan sai ka ware rana ɗaya a kowane wata, ka sa ta a kalandar waya. Sabunta WordPress da ƙarin manhajojinsa, ka tabbata akwai kwafin shafin a ajiye a wani wuri daban, ka duba ranar da adireshi da masauki za su ƙare. Goge sanarwar ragin da ya wuce, gyara shekarar da ke ƙasan shafi, kira lambar da ka rubuta ka ji ko tana shiga. Sannan ka ƙirƙiri kwas na gwaji na naira 100, ka saya da katinka kamar kowane baƙo, ka jira ka ga ko rasit ya iso kuma darasi ya buɗe.